Yadda Ake Nazarin Tsohon Fim Ɗin Leƙen Asiri na Ingila Domin Koyon Aiki da Kuɗi Kaɗan

Da wuya mako ya wuce ban haɗu da wani matashi a Samaru ko Sabon Gari ko Tudun Wada a nan Zariya ba wanda yake da labari a kansa, da waya mai kyamara a aljihunsa, da abokai uku ko huɗu da suka yi alkawarin fito masa a fim, amma idan aka tambaye shi abin da ya hana shi farawa sai ya ce rashin kuɗi. Ban raina wannan uzuri ba, domin na san abin da hayar fitila da janareta da abincin ma'aikata ke ci. Sai dai akwai wani rukuni na fina-finan leƙen asiri da aka yi a Ingila daga wajen 1950 zuwa farkon shekarun 1960, marasa kala, gajeru, waɗanda ƙarancin kuɗi ne ya haife su kuma shi ya yi musu tarbiyya, kuma a ganina babu makarantar da ta fi su dacewa da mai shirin yin fim da ɗan abin da ke hannunsa. Hanyar da nake bi da matasan da ke zuwa wurina ita ce a zaɓi fim guda daga cikinsu, a kalle shi sau uku, kowane kallo da aikinsa daban.

Kafin a kunna komai, ya kamata a san kasuwar da ta samar da su, domin wanda bai san ta ba zai ɗauka ganda ce ta sa aka yi su a haka. A wancan zamani, idan mutumin Ingila ya yanki tikitin silima, fim biyu yake kallo a zama ɗaya: ana fara sa masa ƙarami na kimanin awa guda, a biyo da labaran duniya da tallace-tallace, sannan a kawo babban da ya fito dominsa. Wannan ƙaramin, wanda za mu iya kira fim ɗin rakiya, shi ne abin nazarinmu. Tun a 1927 majalisar dokokin Birtaniya ta kafa doka da ta tilasta wa gidajen silima nuna wani kaso na fina-finan gida, saboda na Amurka sun mamaye kasuwa. A 1948 aka sabunta dokar, aka ce kashi 45 cikin 100 na manyan fina-finai da kashi 25 cikin 100 na shirin rakiya su zama na gida, kafin a sassauta kason manyan zuwa kashi 30 a 1950. Wannan ya sa akwai gurbin da dole a cike kowane mako a manyan jerin gidajen silima irin su Odeon da Gaumont da ABC. Abin da ya fi muhimmanci a riƙe shi ne cewa babban fim yana karɓar kaso daga kuɗin ƙofa, shi kuwa na rakiya yawanci tsayayyen kuɗi ake biyansa, ko ɗakin kallo ya cika ya batse ko kujeru sun kwana babu kowa. Saboda haka ribar furodusa tana cikin abin da ya iya hana kansa kashewa ne, kuma duk wata dabara da za ka gani a fim ɗin daga nan ta samo asali.

Kamfanonin da suka rayu a wannan sana'a sanannu ne, kuma ganin sunayensu a farkon fim alama ce cewa ka faɗa inda ake so. Akwai Butcher's, da Tempean na Robert Baker da Monty Berman, da Anglo-Amalgamated na Nat Cohen da Stuart Levy wanda ya yi aiki da yawa a ƙaramin sitidiyon Merton Park da ke kudancin Landan, da Hammer, wanda kafin ya yi suna da fina-finan ban tsoro yakan yi hayar manyan gidajen ƙauye ya ɗauki fim a ɗakunansu, har ya zauna a wani gida da ke Bray a bakin kogin Thames. Akwai kuma 'yan'uwan nan biyu 'yan Amurka, Edward da Harry Danziger, waɗanda suka buɗe sitidiyonsu na New Elstree a 1956, suka shahara da gama fim cikin kimanin kwana 10. Sau da yawa za ka ga jarumin ɗan Amurka ne alhali sauran duk 'yan Ingila ne, kuma wannan ma lissafi ne: akan ɗauko ɗan wasan Hollywood da tauraronsa ya fara dusashewa, mai sauƙin farashi, domin sunansa ya taimaka a sayar da fim ɗin a Amurka.

Abu na biyu da ake bukatar sani shi ne tsoron da ke cikin zukatan masu kallo na lokacin, domin fim ɗin ba ya tsayawa ya yi bayaninsa, ya ɗauka kowa ya karanta a jarida. A 1949 Tarayyar Sobiyet ta gwada bam ɗinta na nukiliya, da wuri fiye da yadda ƙasashen Yamma suka zata. A farkon 1950 wani masanin kimiyya haifaffen Jamus, Klaus Fuchs, wanda ke aiki a cibiyar binciken nukiliya ta Harwell, ya amsa cewa ya daɗe yana miƙa wa Sobiyet asirin wannan makami, aka ɗaure shi shekara 14. A watan Mayun 1951 jami'an ma'aikatar harkokin waje biyu, Guy Burgess da Donald Maclean, suka shiga jirgin ruwa a Southampton suka ɓace, ba a sake ganinsu a bainar jama'a ba sai a Mosko a 1956. A watan Janairun 1961 aka kama gungun da ke satar asirin sojan ruwa daga sansanin Portland, kuma abin da ya girgiza mutane shi ne yadda al'amarin ya kasance a cikin kayan yau da kullum: a jakar cefane aka miƙa takardun a kan titi kusa da tashar Waterloo, sannan aka gano na'urar aika saƙo a ɓoye a wani ɗan gida a unguwar Ruislip, na wasu mata da miji da maƙwabta suka sani da sayar da tsofaffin littattafai. A wannan shekarar aka yanke wa George Blake, jami'in leƙen asirin Birtaniya da ke yi wa Sobiyet aiki a ɓoye, ɗaurin shekara 42, aka kuma gina katangar Balin, sannan a 1963 Kim Philby, tsohon jami'in leƙen asirin Birtaniya da shi ma ke yi wa Sobiyet aiki, ya tsere daga Beirut zuwa Mosko. Wannan shi ne Yaƙin Cacar Baka kamar yadda talakan Ingila ya ji shi a jikinsa: maƙiyi ba ya zuwa da tankar yaƙi, yana iya zama maƙwabcin da kuke gaisawa kullum da safe. Irin wannan tsoro ba ya bukatar kuɗi kafin a nuna shi a fim, fuska biyu da ƙofa guda sun isa.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke rikita sabon mai kallo. Na farko, za ka ga sau da yawa ba a ambaci sunan Rasha ba, sai a yi ta cewa wata ƙasar waje, kowa kuwa ya san wadda ake nufi. Na biyu, za ka ga sufeton 'yan sanda ne ke yin kamu a ƙarshe, domin hukumar tsaron cikin gida ta MI5 ba ta da ikon kama mutum, a wancan lokaci aikin sashen musamman ne na Scotland Yard, wato 'yan sandan Landan, kuma ita hukumar ba ta samu dokar da ta kafa ta a fili ba sai 1989, takwararta ta waje, MI6, sai 1994.

Wajen zaɓen fim, a nemi wanda tsawonsa bai wuce minti 60 zuwa 75 ba, marar kala, wanda aka yi tsakanin 1950 da 1963. Ana samun irinsu da dama a YouTube. Shawarata ita ce a sauke shi gaba ɗaya a waya ko kwamfuta lokacin da intanet ke da ƙarfi, domin kallo na biyu da na uku suna bukatar yawan tsayarwa da komawa baya, kuma a kunna rubutun ƙasan allo idan akwai, saboda Turancin nasu yana da sauri. Kada a ɓata lokaci wajen neman wanda ya fi kowane kyau; matsakaici ma yana koyarwa, wani lokaci fiye da gwani, domin ɗinkinsa a fili yake.

Kallo na farko a yi shi a zama ɗaya, babu tsayarwa, babu biro, kuma a yi shi tare da mutum biyu ko uku waɗanda ba ruwansu da harkar fim. Aikinka a nan shi ne ka raba ido biyu, ɗaya a allo ɗaya a kansu, ka riƙe a ranka wurin da suka yi tsit da wurin da wani ya zaro waya ko ya fara hira. Na taɓa yin wannan da ɗan ƙanwata a zauren gidanmu da ke cikin birni, bayan sallar isha'i, an ɗauke wuta, muka jingina kwamfuta a kan buhun masara. Minti goman farko yana ta mutsu-mutsu yana cewa fim ɗin ba kala, daga baya sai na ji shiru. Da aka kai wajen rabi ya juyo ya ce mini, "Kawu, mutumin nan fa tun ɗazu bai fita daga ɗakin nan ba, amma na kasa ɗauke ido." Na ce masa ya riƙe wannan tambayar, gobe za mu nemo amsarta da takarda.

Kallo na biyu shi ne ainihin aikin, kuma yana iya cin awa uku. A samu littafin rubutu, a ja layi huɗu: wurin da fitowa ta faru, mutanen da ke ciki, tsawonta a minti, da sabon abin da mai kallo ya sani bayan ta ƙare wanda bai sani ba kafin ta fara. A tsayar da fim a ƙarshen kowace fitowa a cike layukan. Idan aka gama aka ƙirga, abin da yawanci ke fitowa yana ba mutane mamaki, domin wuraren da aka yi ta komawa ba su da yawa: ofishin sufeto, ɗakin jarumi, ɗakin otal, wani gidan rawa, da rumbun ajiye kaya a bakin tashar jiragen ruwa. A dubi ƙofa da taga da matakala da kyau, sau da yawa za a gane cewa ɗaki guda ne aka canja wa labule da hoton bango aka mayar da shi wuri biyu. Marubucin nan Brian Clemens, wanda ya fara sana'arsa a wurin 'yan'uwan Danziger, ya sha ba da labarin yadda akan nuna masa ɗakunan da aka riga aka gina a sitidiyo, a ce ya rubuto labarin da zai yi amfani da su. Wato wuri ne ke zuwa kafin labari, kuma wannan ita ce magana mafi amfani da zan iya gaya wa mai fim a Zariya.

A layi na huɗu ne ake gane gwanin marubuci. Fitowar da ka rasa abin da za ka rubuta a gabanta, ciko ce, kuma idan ka duba za ka tarar a nan ne baƙinka na jiya suka zaro waya. A lura kuma da abin da ake faɗa a baki maimakon a nuna. Ba za a nuna maka fashewar masana'anta ba, sai dai waya ta yi ƙara, sufeto ya ɗauka, fuskarsa ta canja, ya ajiye a hankali ya ɗauki hularsa. Idan labari ya koma Faris ko Balin, za a sa hoton jirgin sama yana sauka na daƙiƙa biyar, wanda aka sayo daga ma'ajiyar tsofaffin hotuna, sannan a shiga wani ɗaki da ke nan Landan ɗin. Idan mutum biyu suna hira a mota, motar a tsaye take a sitidiyo, ana haska hoton titi da majigi a wani allo da ke bayansu. Sannan a dubi abin da kowa ke nema a cikin labarin: kusan kullum ƙaramin abu ne da zai shiga aljihu, ɗan mitsitsin fim mai ɗauke da hoton takardu, ko wani lissafin kimiyya a ambulan, ko jerin sunaye. Ba a damu a bayyana maka abin da ke ciki dalla-dalla ba. Ya isa ka ga cewa wani ya yarda ya yi kisa dominsa.

Akwai wani horo da kayan aikin kansu suka ɗora musu wanda mu muka rasa. Zaren fim mai faɗin milimita 35 da suke ɗaukar hoto a kai yana tafiyar ƙafa 90 a minti guda, nadi mai ƙafa 1,000 bai wuce kimanin minti 11 ba, kuma kowace ƙafa kuɗi ce wajen saye da wajen wankewa. Darakta ba shi da halin maimaita ɗauka sau goma sha, dole 'yan wasa su haddace maganarsu su san inda za su tsaya kafin a kunna kyamara. Mu da muke ɗauka a katin waya mukan ce ai kyauta ne, sai mu yi ta maimaitawa har rana ta juya, hasken ya canja, caji ya ƙare, 'yan wasa su gaji, mai tacewa kuma ya rasa wadda zai zaɓa. Ina roƙon duk wanda ya zo wurina ya ɗaure kansa da ɗauka uku kacal a kowace fitowa, ya mayar da sauran lokacin wajen gwaji.

Kallo na uku a kashe murya gaba ɗaya. Da zarar magana ta tafi, ido zai fara ganin inda haske ke fitowa, kuma za a tarar sau da yawa daga gefe guda yake, rabin fuska a haske rabi a duhu, bango kuwa an bar shi cikin inuwa, wanda ke ƙara fargaba kuma yana ɓoye cewa babu komai a ɗakin. Za ka yi ta cin karo da irin wannan fitowa: mutum yana cikin rumfar wayar tarho a bakin titi da dare, yana magana da sauri, kyamara tana kallonsa ta gilashi, sai inuwar wani ta tsaya a kan gilashin, mu mun gani shi bai gani ba. Duka tsoron yana cikin wannan tazara tsakanin abin da mai kallo ya sani da abin da jarumi ya sani, kuma fitila guda ce ta yi aikin. Bayan haka a zaɓi fitowa biyu, a mayar da murya, a rufe ido a saurara: takun takalmi a kan dutse, bugun agogon bango, ƙugin jirgin ruwa daga nesa, su ne ke gina faɗin duniyar da kyamara ba ta da kuɗin nunawa.

Daga nan sai a juyo gida. A ɗauki sabon shafi a rubuta wuraren da ake da tabbacin samu kyauta ko da ɗan abu kaɗan: zauren gidan kaka, shagon telan unguwa bayan an tashi, ɗakin ɗalibi a Samaru, wani lungu a cikin birni, gindin ganuwa wajen Ƙofar Doka, duwatsun Kufena. Sai bayan an gama wannan jeri a fara tunanin labari. Zariya ta fi garuruwa da yawa dacewa da irin wannan fim, domin zaure shi kansa wurin sirri ne, mai ƙofa biyu da ba sa kallon juna, haske na shigowa ta ɗaya, wanda ke ciki yana ganin mai wucewa shi kuwa ba a ganinsa. Tsofaffin gine-ginen ma'aikatan jirgin ƙasa a Sabon Gari suna da kamannin wancan zamani. Masu fim na Ingila suna da hazon Landan, wanda ya yi muni ƙwarai a Disambar 1952 har ya kai ga dokar tsabtace iska ta 1956. Mu muna da hazon hunturu a Disamba da Janairu, wanda ke tausasa hasken rana ya kuma ɓoye ƙarshen titi ba tare da an biya ko kwabo ba. Abin da ake nema a labarin zai iya zama katin waya, ko layi, ko takardar fili. A ɗauki murya da sassafe bayan asuba, kafin babura da injinan niƙa su tashi. Wayar hannu tana kashe fargaba, domin jarumi zai iya kiran taimako daga ko'ina, saboda haka dole marubuci ya raba shi da ita ta hanyar da hankali zai karɓa, kuma dabarar mutuwar caji ko rashin sabis sau ɗaya take ciwuwa a fim guda.

Tun da labarin ya shafi asiri da bin sawu, a yi hattara sosai. A je wurin mai unguwa a gaishe shi a yi masa bayani kafin a kafa kyamara a lungu, a nemi izini a rubuce kafin shiga harabar tasha ko makaranta, kada a juya kyamara wajen bariki ko shingen jami'an tsaro, kada kuma a fito da bindigar wasa a titi ba tare da sanin 'yan sanda ba. Zariya gari ne mai cibiyoyin soja, kuma mai wucewa ba shi da hanyar sanin cewa wasa ake yi.

Ba duk abin da ke cikin waɗannan fina-finai ne abin koyi ba, kuma ina son a faɗi wannan a fili. Mace a cikinsu yawanci sakatariya ce ko mawaƙiyar gidan rawa ko wadda ake sacewa domin a cece ta, alhali a labarin gaskiya na Portland mata biyu suna tsakiyar al'amarin. Faɗan hannu sau da yawa ba ya gamsarwa, bayanin ƙarshe kuma yakan yi tsawo. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake gane mugu da karin harshensa na baƙo tun kafin ya aikata komai. Idan muka kwaso wannan ɗabi'a muka kawo ta garin da Bahaushe da Bafulatani da Bayarabe da Ibo da mutanen kudancin Kaduna suke cin kasuwa ɗaya a Sabon Gari, mun yi ɓarnar da ta fi ƙarfin fim. Kuma ko ta fuskar sana'a ma asara ce, domin maci amanar da ya fi tsoratarwa shi ne wanda yake magana irin tamu, kamar yadda Burgess da Maclean da Philby suka kasance 'yan gida, waɗanda suka yi karatu a Jami'ar Kambirij.

Wannan sana'a ta mutu ne lokacin da talabijin ya shiga gidaje. A 1946 an yanki tikitin silima sama da biliyan 1.6 a Birtaniya, zuwa 1960 adadin ya faɗo zuwa wajen miliyan 500, gidajen kallo suka yi ta rufewa, kuma da fim ɗin James Bond na farko ya fito da kala a 1962, leƙen asiri ya koma harkar manyan kuɗi da tafiye-tafiye. Sitidiyon Merton Park ya rufe a 1967. Mai fim a Zariya ba zai iya gasa da abin da ya biyo baya ba, amma abin da ya gabace shi yana daidai tsawon hannunsa.

Bayan kallo ukun, aikin da nake bayarwa shi ne fim na minti biyar: mutum biyu, zaure ɗaya, ambulan ɗaya, fitila ɗaya mai caji, kuma mai kallo ya san wani abu da ɗaya daga cikin mutanen bai sani ba tun daga minti na farko. A rubuta shi a shafi huɗu, a yi gwaji yini guda, a ɗauka a yini na biyu. Idan an tace, a kira mutanen nan da aka yi kallon farko da su, a zaunar da su a wuri ɗaya, a sa musu, kai kuma ka koma gefe da littafinka da agogo, ka rubuta minti da daƙiƙar da wani ya fara kai hannu aljihu. Fitowar da ke kan allo a wannan lokacin ita za ka fara gyarawa.